TSAMIN DA KE ƁOYE A CIKIN LEMON KWALBA

Duk inda aka yi taron biki ko suna a ƙasar nan, da wuya a tashi ba a fasa akwatin lemon kwalba ba. Amma kaɗan ne daga cikin mashaya suke karanta ɗan rubutun da ke jikin kwalbar, inda aka jera abubuwan da aka haɗa. A jikin baƙin lemo irin su Coca-Cola da Pepsi, bayan ruwa da sukari, akwai wani sinadari mai suna fosforik asid, wanda a wasu ƙasashe ake rubuta shi da lamba E338. Shi ne yake ba lemon ɗan tsamin nan mai tsikarar harshe.

Asalin wannan sinadari dutse ne. Ana haƙo dutsen fosfet daga ƙasa, a niƙa shi, a zuba masa asid irin na ruwan batir, sai ya narke ya ba da fosforik asid. Ƙasar Maroko ce ta fi kowace ƙasa arzikin wannan dutse, akwai shi kuma a Togo da Senegal, har ma da jihar Sakkwato. Mafi yawan abin da ake samu takin zamani ake yi da shi; sai ɗan kaɗan da ake tacewa sosai, a raba shi da datti, don a sa a abinci da abin sha.

Shigarsa abin sha ta samo asali ne daga Amurka. A shekarar 1868 wani malamin kimiyya mai suna Eben Horsford ya fito da wani ruwan tsami na fosfet da ake sayarwa a matsayin maganin gajiya, masu kantin magani kuma suka riƙa ɗiga shi a cikin ruwan zaƙi, domin ba ya lalacewa kamar lemon tsami. A 1886 John Pemberton ya haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta, rabin sunan ma daga goro aka samo shi. A nan Nijeriya kuwa, a 1951 aka kafa kamfanin da ke ɗura shi a kwalba a Legas.

Aikin asid ɗin iri biyu ne. Na farko, yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin ruwan. Na biyu, yana danne zaƙi. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai cin santilita 33 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato wajen cokalin shayi takwas. Da za a dama wannan sukari a kofin ruwa zalla, da ƙyar mutum zai shanye bai ji ya gundure shi ba. Amma da yake tsami ya rufe shi, sai a sha kwalba biyu a zama ɗaya ba a ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a 2015, ta ba da shawarar kada sukarin da baligi zai sha a yini ya wuce kimanin giram 50.

Shin dafi ne? A'a. Jikin ɗan Adam yana bukatar fosforas don gina ƙashi da haƙora, kuma wanda ke cikin kofin madara ya ninka na cikin kwalbar lemo. A 2019 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki a yini ba ya cutarwa. Sai dai, in ji masu iya magana, zuma da zaƙi, da harbi.

Haƙora ne suke fara ɗanɗana harbin. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, inda ƙaramar lamba ke nuna tsananin tsami, ruwan sha yana kan 7, farin rufin haƙori yana soma zaizayewa idan aka sauko ƙasa da 5.5, baƙin lemo kuwa yana wajen 2.5. Rufin nan idan ya tafi ba ya sake tsirowa. Wanda ke kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon yini ya fi wanda ya shanye lokaci ɗaya cutuwa, domin bai ba yawu damar wanke tsamin ba.

Sai ƙoda, wadda ita ce take fitar da rarar fosforas ta fitsari. Fosforas ɗin da ke cikin wake da gero hanji ba ya iya tsotse shi duka, amma wanda aka zuba a masana'anta kusan gaba ɗayansa yake shiga jini. Idan ƙoda ta raunana sai ya taru, ya janyo alli daga ƙashi, ya sandarar da jijiyoyin jini. Don haka ne likitoci ke hana masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi wa wankin ƙoda, shan baƙin lemo.

Game da ƙashi, wani bincike da masanan Jami'ar Tufts ta Amurka suka fitar a 2006, kan mutum wajen 2,500, ya nuna matan da ke shan irin wannan lemo kullum ƙashin ƙugunsu ya fi na sauran mata rauni, amma ba a ga haka ga maza ba. Wasu masana na ganin laifin asid ɗin ne, wasu kuma sun ce lemon ne ya maye gurbin madara.

To, mai lafiya da ke shan kwalba ɗaya jefi-jefi ba shi da abin tsoro. Abin da ya kamata shi ne a sha tare da abinci, a kurkure baki da ruwa, a kuma jinkirta goge haƙora da buroshi ko asuwaki har kamar rabin awa, don tsami ya riga ya tausasa su. Iyaye kuma su kula da yaran da suka mai da lemo ruwan shansu, su mayar da su ga nono da fura da ruwa mai kyau. Wanda kuwa likita ya shaida masa ƙodarsa ta taɓu, ko a wurin biki aka miƙa masa, ya yi godiya ya nemi ruwa. Rigakafi dai ya fi magani.