Dakta, Farfesa, Cif Lakcara: Kowa Da Tsanin Da Yake Hawa

Idan ɗanku ko ƙanenku yana koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wataƙila kun taɓa tambayarsa: “Wai kai yaushe za ka zama Farfesa?” Ku sassauta masa, domin tsanin da yake hawa daban ne.

A foli irin ta Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, malami kan fara ne daga mataimakin lakcara, ya hau lakcara na uku, na biyu, na ɗaya, sai siniya lakcara, sai firinsifal lakcara, ya tuƙe a cif lakcara. Wanda ya kai nan ya kai ƙololuwar aikinsa, ya cancanci ku yi masa barka. Shugaban foli kuwa Rakta ake ce masa.

A jami'a, kamar ta Tarayya da ke Gusau ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, hawa bakwai ne: mataimaki mai digirin farko, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, siniya lakcara, rida, sannan farfesa. Tsarin Ingila ne muka gada tun 1948, lokacin da aka buɗe kwalejin Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Daɗewa a aiki kaɗai ba ta ba mutum farfesa. Sai ya yi bincike ya wallafa, an aika ayyukansa ga farfesoshin wasu jami'o'i sun tantance.

Dakta kuma iri uku ne. Akwai likita mai duba marasa lafiya. Akwai mai digiri na uku, wanda ya yi shekaru yana bincike ya kare kundinsa. Akwai kuma mai digirin girmamawa, wanda kyauta ce kawai ta karramawa, ba ta nuna ya yi karatun.

Ina amfanin sanin wannan gare ku? Wata rana wani zai zo neman auren 'yarku a Zurmi da laƙabin Dakta, ko ya buɗe makaranta a Shinkafi ya rubuta Farfesa a allo, ya nemi kuɗin 'ya'yanku. Ba rashin kunya ba ne ku bincika. Ku tambaya: wace jami'a ce ta ba shi? A wane fanni? Hukumar NUC, mai kula da jami'o'in Najeriya, ta san da wannan jami'ar? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, domin cikin jama'a ya samu nasa.

Idan kuma yaronku na sha'awar zama farfesa, ku nuna masa hanyar tun yanzu: sakamako mai kyau a digirin farko, sai na biyu, sai na uku, sai haƙurin shekaru. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku fa, kun taɓa bincikar laƙabin wani kafin ku amince masa?