Yadda Zaman Iyalan Indiyawa a Ikko Ke Shafar Kasuwar Potiskum

POTISKUM, Jihar Yobe — Kaso mai tsoka na kayan da ke kai da komowa a titunan unguwar Dogo Nini da sauran sassan garin Potiskum ya biyo ne ta hannun wasu iyalai 'yan asalin nahiyar Asiya da ke zaune a birnin Ikko, a bakin teku, tazarar fiye da kilomita 1,000 daga nan. Kekunan Napep da ke jigilar fasinja, galibinsu ƙirar kamfanonin Bajaj da TVS ne na ƙasar Indiya. Taliyar Indomie da masu shayi ke dafawa, wasu iyalai 'yan asalin Indiya ne suka shigo da ita Nijeriya. Kazalika, kamfanonin da irin waɗannan iyalai suka kafa suna cikin manyan masu sayen riɗin da manoman Arewa maso Gabas ke kaiwa kasuwa.

Masu nazarin tattalin arziki kan mai da hankali ga yawan jari da haraji da kuɗaɗen musaya idan ana batun kamfanonin baƙi. Amma a wajen waɗannan 'yan kasuwa, yadda suke aure, da inda 'ya'yansu ke karatu, da wurin da suke taruwa domin ibada, su ne ke bayyana dalilin daɗewarsu a cikin harka, su ne kuma ke nuna inda ribar ke tafiya a ƙarshe.

Asalin zuwansu

Indiyawan farko da suka kafa kantuna a Ikko 'yan ƙabilar Sindi ne, mabiya addinin Hindu, daga birnin Haidarabad na lardin Sind, wanda a yanzu yake cikin ƙasar Pakistan. Kamfanin K. Chellaram ya soma harka a Ikko a shekarar 1923, inda yake sayar da yadi da kayan masarufi, daga baya ya buɗe rassa a wasu manyan garuruwa. Gidan Chanrai shi ma ya bi wannan hanya.

A wancan zamani maza ne kawai ke zuwa. Mai kamfani yakan ɗauki saurayi daga cikin dangi ko maƙwabta a Haidarabad bisa yarjejeniyar shekara biyu zuwa uku, ya turo shi ya zauna a saman kanti tare da sauran ma'aikata, suna cin abinci tukunya ɗaya. Idan wa'adi ya cika ya koma gida ya huta 'yan watanni, ya yi aure ko ya ga iyalinsa, sa'an nan ya sake fitowa.

Raba Indiya da Pakistan da aka yi a 1947 ya rushe wannan tsari. Lardin Sind ya faɗa ɓangaren Pakistan, mafi yawan 'yan kasuwar Hindu na biranensa suka yi ƙaura, garin da ake komawa hutu ya zama ba nasu ba. Daga nan ne mata da yara suka fara bin maza zuwa inda kantunan suke, wato Ikko da Hong Kong da Singafo da Landan da makamantansu. Gida ɗaya ya watsu a nahiyoyi uku ko huɗu, kuma wannan watsuwa da ta samo asali daga musiba ita ce ta zama jarinsu: wa yana Hong Kong yana sayen kaya, ƙane yana Ikko yana sayarwa, ɗan baffa yana Landan yana kula da sha'anin banki.

Ba Indiyawa kaɗai ne baƙin Asiya a Ikko ba. Mutanen Lebanon da Siriya, waɗanda ake kira Kwarori a ƙasar Hausa, sun riga su zuwa tun ƙarshen ƙarni na 19, suka yi suna a cinikin gyaɗa da yadi a Kano. A shekarun 1960 masu masana'antu Sinawa daga Hong Kong suka iso, cikinsu har da Cha Chi-ming, wanda ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna a 1964. Sai dai tsarin Indiyawa ya fi saurin nuna yadda gida da kamfani ke cuɗanya.

Zaman yau da kullum

Lokacin da Firayim Ministan Indiya, Narendra Modi, ya ziyarci Abuja a watan Nuwamba na 2024, hukumomin ƙasarsa sun ƙiyasta cewa Indiyawa kimanin 60,000 ne ke zaune a Nijeriya, kuma kamfanoninsu fiye da 200 sun zuba jarin da ya kai wajen dala biliyan 27. Mafi yawansu suna Ikko, musamman a unguwannin Ilupeju da Victoria Island da Ikoyi da Apapa. Akwai mabiya Hindu da Musulmi da 'yan Sikh da Kiristoci a cikinsu.

Jama'ar ta kasu gida biyu ta fuskar abin hannu. Akwai tsofaffin gidaje masu kamfanoni, waɗanda wasunsu sun kai jikoki da tattaɓa-kunne a ƙasar nan. Akwai kuma ma'aikatan kwantiragi, irin su akantoci da injiniyoyi da likitoci da manajojin masana'antu, waɗanda ke zuwa na 'yan shekaru. Ga wannan rukuni na biyu, kamfani ne ke bayar da gida da janareta da mota, sau da yawa har da kuɗin makarantar yara da tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Al'adar da ta yaɗu ita ce a biya babban ɓangaren albashi da kuɗin waje, a bai wa ma'aikaci alawus na naira domin cefane.

Unguwar Ilupeju ita ce cibiyar wannan zama. A nan ne makarantar Indian Language School take, wadda aka kafa a 1982, tana bin manhajar hukumar jarrabawar sakandare ta Indiya, domin yaron da aka mayar da mahaifinsa gida ya ci gaba da karatu ba tare da ya maimaita aji ba. Kewaye da ita akwai kantunan da ke sayar da shinkafar basmati da garin alkama na yin gurasa da nau'o'in wake da kayan yaji da man shanu, kasancewar gidaje da yawa ba sa cin nama kwata-kwata. Matan da suka zo bisa takardar zama ta miji ba su da izinin ɗaukar aikin albashi sai sun nemi takarda ta daban, saboda haka su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin jama'a da wuraren ibada da ayyukan agaji.

Wuraren ibada da ƙungiyoyin yare suna yin aikin da ya wuce na addini. A can ne ake sanin wanda ya iso da wanda ya tafi, da wanda ya cika alkawari da wanda ya ci amana. Bikin Diwali, wanda ke faɗowa a watan Oktoba ko Nuwamba, biki ne na fitilu da ziyara, amma kuma lokaci ne da 'yan kasuwar Hindu da yawa ke buɗe sabon littafin lissafi. Aure kuwa akasari a cikin ƙabila ake yinsa, sau da yawa da ɗiyar wani gidan kasuwanci da ke Dubai ko Mumbai, kuma kowane aure sabuwar ƙofa ce ta bashi da labarin farashi.

Amana a matsayin jari

Ta fuskar tattalin arziki, fa'idar wannan zama ita ce rage tsadar yarda. A ƙasar da shari'ar bashi kan ɗauki shekaru a kotu, kuma kuɗin ruwan banki ke da yawa, ɗan kasuwan da zai iya karɓar kaya bashi daga surukinsa da ke wata nahiya bisa magana kawai ya riga abokin gasarsa nisa. Wanda ya ci amana ba kotu yake tsoro ba kamar yadda yake tsoron kada a ƙi ba ɗansa aure, ko a rufe masa ƙofa a kowane gari da 'yan uwansa suke.

Fataken Potiskum sun san wannan tsari, domin irinsa ne ke tafiyar da cinikin shanu. Dabbobin da ake lodi daga kasuwar Potiskum, wadda ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, suna sauka ne a zangunan Kudu a hannun maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya wa mahauci ya ɗauki sa bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya nazarci unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna cewa zaman Hausawa wuri ɗaya, da masallacinsu da sarkinsu, shi ne ya ba su ikon riƙe cinikin shanu da goro. Abin da Agege take ga Bahaushe a Ikko, shi ne Ilupeju take ga Ba'indiye.

Bambancin yana ga abin da ke faruwa bayan rasuwar maigida. Gidajen Sindi sun saba yi wa harkarsu rajistar kamfani, su bar dukiyar a haɗe, magada su riƙa karɓar rabonsu daga riba. A kasuwannin Arewa kuwa, sau da yawa akan sayar da motoci da rumbuna a raba kuɗin, sunan gidan ya ɓace daga kasuwa cikin 'yan shekaru, alhali ana iya fitar wa kowane magaji haƙƙinsa a matsayin hannun jari ba tare da an wargaza harkar ba.

Dokokin da suka sauya alƙibla

Idan ba a manta ba, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972, wadda ta keɓe ƙananan sana'o'i da cinikin sayar da ɗai-ɗai ga 'yan Nijeriya. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta faɗaɗa ta a 1977, inda aka kasa harkoki gida uku: na 'yan ƙasa zalla, da waɗanda dole 'yan ƙasa su mallaki kashi 60 cikin 100, da waɗanda za su mallaki kashi 40. Wannan ya tura gidajen Indiyawa daga kanti zuwa masana'anta, musamman masaƙu da robobi da magunguna.

Sauyi na biyu ya zo ne a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. A 1989 rukunin Kewalram Chanrai ya kafa kamfanin Olam a Nijeriya domin fitar da ƙwallon yazawa zuwa Indiya. Kamfanin ya girma ya mayar da hedikwatarsa Singafo, ya zama ɗaya daga cikin manyan dillalan amfanin gona na duniya. Gidan Tolaram, wanda ya soma da kantin yadi a garin Malang na Indunusiya a 1948, ya fara shigo da Indomie a 1988, ya kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, kuma yana cikin waɗanda suka gina tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka ƙaddamar a watan Janairu na 2023. An soke ragowar dokar mallakar 'yan ƙasa a 1995.

Ƙafa ɗaya a waje

Duk da daɗewar, Indiyawa ƙalilan ne ke karɓar takardar zama ɗan ƙasa. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya shardanta zaman shekara 15 kafin baƙo ya nema, ita kuma Indiya ba ta amince da riƙe fasfo biyu ba, saɓanin Lebanon. Yaran da suka gama sakandare a Ilupeju akasari jami'o'in Indiya ko Ingila ko Amurka suke tafiya, tsofaffi kuma su yi ritaya a Mumbai ko Dubai. Ma'anar wannan ita ce ajiyar gidan da kuɗin karatu da kuɗin aure duk da dala ake lissafinsu. Shi ya sa faɗuwar naira daga kimanin 460 kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024 ta ninka abin da kamfani ke kashewa a kan kowane ma'aikaci baƙo, kuma wani ɓangare na wannan nauyi yakan sauka a kan farashin kaya har zuwa kantunan Potiskum.

Ƙorafin 'yan ƙasa ma daga nan yake tasowa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kukan cewa manyan muƙamai na kuɗi da ajiya a hannun dangi suke tsayawa, 'yan ƙasa kuma su daɗe a matsayin leburorin wucin gadi. A watan Fabrairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da harajin shekara na dala 15,000 a kan darakta baƙo da dala 10,000 a kan sauran ma'aikata baƙi, amma ta dakatar da shi a watan Maris bayan koken masu masana'antu. Tun kafin wannan, a watan Maris na 2022, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hana baƙi sayen amfanin gona kai tsaye daga hannun manoma, domin a bar wa dillalan gida masu lasisi wannan mataki.

Matakin na 2022 shi ne ya fi shafar Jihar Yobe, inda riɗi da ƙaro ke cikin manyan kayan da ake fitarwa. Dillalan gida suna ganin ya kare abincinsu, yayin da masu sukarsa ke cewa rage yawan masu saye na iya karya farashin da manomi ke samu. Ko wanne ne ya yi rinjaye, buhun da aka auna a Potiskum sai ya ratsa ma'ajiya da injin tsaftacewa da takardun banki kafin ya hau jirgin ruwa, kuma a waɗannan matakai ne riba mafi tsoka take. Shigar 'yan kasuwar Yobe cikinsu za ta dogara ne ga iyawarsu ta haɗa jari su kafa kamfanonin da za su rayu bayan waɗanda suka kafa su, tare da koya wa 'ya'yansu lissafin kasuwanci da ƙa'idojin fitar da kaya waje.