Idris Elba: Ɗan Landan da Ya Yi Suna da Bakin Amurkawa

Na daɗe ina rantsuwa cewa ɗan wasan da ya fito a matsayin Stringer Bell Ba'amurke ne. Duk wanda ya kalli shirin The Wire ya san Stringer: dogon nan dillalin ƙwaya na birnin Baltimore, mai zuwa aji koyon tattalin arziki, ya dawo ya tara yaransa yana jan taro kamar shugaban kamfani. Ranar da na ji ɗan wasan a wata hira yana zuba Turancin gabashin Landan, sai da na matso kusa da talabijin don in tabbatar shi ne.

Sunansa Idrissa Akuna Elba. An haife shi a unguwar Hackney ranar 6 ga Satumba, 1972, ɗa tilo ga Winston, mutumin Saliyo, da Eve, 'yar Gana. Uban ma'aikaci ne a masana'antar motocin Ford da ke Dagenham, shi ma ɗan ya taɓa aikin dare a can, yana haɗawa da saka kiɗa a wuraren biki. Tallafin fam 1,500 daga gidauniyar Prince's Trust ne ya shigar da shi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa.

Amma Ingila ta shekarun 1990 ba ta da wani babban gurbi ga baƙar fata. 'Yan ƙananan fitowa yake samu, har da kwaikwayon aikata laifi a shirin Crimewatch. Sai ya tattara ya nufi New York. Can ma ba a shimfiɗa masa tabarma ba: ya yi gadin ƙofa a gidan barkwanci, ya kwana a cikin mota, yana ta goge harshensa har ya koma na Amurkawa. Da wannan bakin aro ya samu Stringer a 2002.

Abin da ke ba ni dariya, sai da Amurka ta yaba sannan mutanen gida suka waiwayo. A 2010 BBC ta ba shi Luther, ɗan sandan ciki mai baƙar zuciya da doguwar kwat, rawar da ta kawo masa kyautar Golden Globe a 2012. Ya fito a matsayin Mandela a 2013, shekarar da mahaifinsa ya rasu. A 2016 ya shiga majalisar dokokin Birtaniya ya faɗa musu a fili cewa rashin dama ne ke korar irinsa zuwa ƙetare.

Ni dai a wurina, aikinsa mafi nauyi shi ne Beasts of No Nation na 2015, daga littafin Uzodinma Iweala, marubuci ɗan asalin Nijeriya. Kwamandan 'yan tawaye ne, yana dafa kan yaro kamar uba, yana miƙa masa adda ya sare mutum. A Gana aka ɗauki fim ɗin, ƙasar mahaifiyarsa.