MAZIYARTAN SANTIYAGO: ZANGON FARKO SHI NE MAI WUYA

A kudu maso yammacin ƙasar Faransa, gindin duwatsun nan da ake kira Firenis, akwai wani ɗan gari mai ganuwa, Saint-Jean-Pied-de-Port, wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Ƙarshen sunan nan ma'anarsa gindin mashigi. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, kullum tun gari bai gama wayewa ba, sai ka ga mutane suna fitowa daga masaukai, maza da mata, tsofaffi da samari, kowa da jaka a baya da sanda a hannu. Su ƙetare gadar kogin Nive, su fita ta Ƙofar Sifen, su fuskanci dutse.

Inda suka nufa shi ne birnin Santiyago, can ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar Sifen, wajen kilomita 780, watau ya fi nisan Kano zuwa Maiduguri. Kiristoci sun ɗauka a can ne kabarin Yakubu yake, ɗaya daga cikin Hawariyawan Annabi Isa. Tun da aka ce an gano kabarin, a ƙarni na 9, ba a daina ziyararsa ba. Mai ƙarfin ƙafa yakan yi kwana talatin da 'yan kai a hanya.

Masu karatunmu ba baƙin irin wannan labari ba ne. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, waɗansu shekara da shekaru, suna tafe suna ƙwadago. Idan aka gwada, tafiyar Santiyago gajeruwa ce ƙwarai. Amma tana da wani hali nata. Fatake sun san zangon farko akan yi shi kusa da gida, don ƙafa ta saba, wanda ya yi mantuwa kuma ya koma ya ɗauko. A wannan hanya kuwa zangon farko shi ne mafi tsanani, ya kuwa sami mutum tun jikinsa na ɗanye.

Ga yadda abin yake. Garin yana bisa tudun da bai wuce mita 200 daga teku ba. Hanyar tudu, wadda ake kira hanyar Nafoliyon domin sojojinsa sun bi ta a yaƙinsu na Sifen, tana hawa har mashigin Lepoeder, sama da mita 1,400, kana ta gangara zuwa Roncesvalles. Duka wajen kilomita 25 ne, amma yakan ci sa'a bakwai zuwa tara. Kilomita takwas na farko, zuwa wani masauki da ake kira Orisson, su ne masu tsinka numfashi. Daga nan kuwa babu sauran gari, sai fili fetal na ciyawa, da garkunan tumaki, da dawaki sake, da maiki yana shawagi a bisa. Gangarar ƙarshe cikin kurmi take, ga santsi in an yi ruwa, a nan gwiwa kan faɗa wa mai ita gaskiya.

Saboda haka kafin a tashi akan biya ta ofishin maziyarta da ke titin Citadelle, inda masu aikin sa kai ke zaune. Su ne ke ba mutum takardar ziyara, wadda za a riƙa buga wa hatimi a kowane masauki. Da ita ake samun gado mai araha, da ita kuma ake karɓar takardar shaida a Santiyago, muddin mutum ya taka kilomita 100 na ƙarshe da ƙafarsa. A nan akan sami ɓawon nan na teku mai kama da makankari, alamar maziyarci, a ɗaura a jaka. Akwai kuma ma'auni na auna kaya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jaka ta wuce ushirin nauyin mai ita. Da yawa sukan ji, su yi murmushi, su wuce da littattafansu da takalma ƙafa uku. Bayan kwana uku sai ka same su a gidan waya na Pamplona suna aika rabin kayan gaba, ga bororo a tafin ƙafa.

Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne labarin sama. Dutsen nan ba shi da amana: a tashi da rana tarwai, kafin azahar hazo ya rufe har mutum ba ya ganin abokin tafiyarsa. An yi hasarar rayuka a kai, akwai kuma alamun tunawa da mamatan a gefen hanya. Don haka hukumar lardin Navarra take rufe hanyar tudu kowace shekara daga ran 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a koma bin kwari ta garin Valcarlos. Waɗansu maziyarta na gunaguni, wai an hana su lada da kallo. Mu dai a ganinmu dokar ta yi daidai, domin mai taurin kai ba ransa kaɗai yake sayarwa ba, har da na waɗanda za a tasa cikin dare da dusar ƙanƙara su nemo shi. Haka kuma wanda ya raba zangon biyu, ya kwana Orisson, babu abin kunya a kansa.

Ba yau aka fara jin tsoron wurin ba. Akwai wani littafi na wajen shekarar 1140, Codex Calixtinus, wanda kashinsa na biyar jagorar maziyarta ne, ya kuwa ambaci tsawon dutsen da zaluncin masu karɓar kuɗin fito a gindinsa. Tun kafin wannan, a shekarar 778, Sarki Sharlaman na komowa daga Sifen, mutanen dutsen, watau Baskawa, suka yi wa ƙarshen rundunarsa kwanto a nan, suka kashe jaruminsa Roland. Mawaƙan Faransa na baya suka juya labarin, suka ɗora wa Musulmi. Har wa yau akwai wata maɓuɓɓuga kusa da kan iyaka da ake kira da sunan Roland, a nan maziyarta ke cika gorunansu.

Saboda wannan haɗari ne Bishop na Pamplona ya kafa gidan baƙi a Roncesvalles wajen shekarar 1127, don ciyar da matafiya da jinyar marasa lafiya. A zamanin da, a mashigin Ibañeta da ke bisansa, akan kaɗa ƙararrawa in hazo ya sauka, wanda ya ɓata ya bi sauti. Daga baya hanyar ta yi kusan mutuwa, sai a shekarar 1984 wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, ya bi ta da fenti ruwan ɗorawa yana zana kibiyoyi a duwatsu da itatuwa. Kibiyoyin nan su ne madugun kowa a yanzu. A 1993 hukumar UNESCO ta sa hanyar cikin kayan tarihin duniya, a 2024 kuwa waɗanda suka karɓi takardar shaida sun kusa rabin miliyan, ko da yake mafi yawansu ba daga gindin dutsen suka taso ba.

Wanda Allah ya kai shi Roncesvalles da la'asar, sai a buga masa hatimi, a nuna masa gado, ya wanke tufafinsa, ya duba ƙafafunsa. Da magariba akan yi wa maziyarta addu'a a coci cikin harsuna da dama. Ƙarfe goma a kashe fitila. Da safe yana fita zai ga wani allo a bakin titin mota, an rubuta Santiyago, kilomita 790.