Ƙurajen Gibert: cutar fata mai kama da makero

Daga cikin cututtukan fata da kan tayar da hankalin iyaye a Matameye da ƙauyukan gundumar Kance, akwai wadda ma'aikatan lafiya ke rubuta sunanta da Faransanci, pityriasis rosé de Gibert, domin likitan Faransa Camille Gibert ne ya bayyana ta a 1860. Ta fi kama masu shekara 10 zuwa 35, kuma masana suna danganta ta da ƙwayoyin cuta biyu, HHV-6 da HHV-7, ko da yake ba kasafai ake ɗaukarta daga wani ba.

Takan fara da tabo guda mai faɗin santimita 2 zuwa 10 a ƙirji ko baya, gefensa na ɓarewa kamar dusa, sannan bayan mako ɗaya ko biyu ƙananan tabbai su feso a gangar jiki, suna bin layin haƙarƙari. Littattafan Turai sun ce jajaye ne, amma a baƙar fata sukan fito launin toka ko duhu, kuma a jikin yara sukan hau har fuska.

Wannan tabo na farko shi ke ruɗar mutane, don sai a ɗauka makero ne, a sayi man shafawa wurin masu tallan magani, ko a dirje wurin da soso da toka, alhali babu abin da hakan ke ƙarawa sai raɗaɗi. Cutar tana bajewa da kanta cikin mako 6 zuwa 8, wani lokaci har 12, kuma abin da ake bukata bai wuce wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba, da sabulu marar kaifi, da man kaɗanya, musamman da hunturu, sai maganin ƙaiƙayi idan ya hana barci. Dabbare-dabbaren da take bari kan yi watanni kafin su gushe, kuma ba kuturta ba ne.

Sai dai bai kamata a zauna gida ba idan tabban sun fito a tafin hannu ko na ƙafa, domin tunjere ma haka yake bayyana, kuma gwajin jini ne ke bambanta su. Haka nan mai juna biyu, musamman a makonni 15 na farko, ya kamata ta je asibitin gunduma da wuri, saboda an danganta cutar da ɓarin ciki.