Turba da Burtali: Hanyoyin Birnin Kudu da Gwaram da Ke Neman Ɓacewa

Wanda ya saba ratsa Birnin Kudu a mota, kan babban titin Kano zuwa Maiduguri, sanin shanu ya yi wa garin. Abin da idonsa ke kamawa bai wuce tasha da masu rake da duwatsun da ke hange daga nesa ba. Ainihin ƙasar tana bayan kwalta, inda turba ke fita daga wannan ƙauye ta faɗa wancan, ta ratsa gonakin dawa da riɗi, ta gangara fadama, ta sake hawa tudu a ƙarƙashin kuka da ɗorawa. A kan waɗannan turbobi ɗalibi ke zuwa makaranta, mai nono ke kai ƙwaryarta gari, manomi ke ɗora buhu a bayan keke ranar da kasuwar Sara ke ci. Babu wanda ya ba da kwangilar yin su, ƙafa ce ta fitar da su, shi ya sa kuma babu ofishin da ke jin nauyin tsare su.

Ba mu da bakin teku a kudancin Jigawa, amma muna da gaɓar kogi, muna da fadama, muna da duwatsu. Mai son tafiyar ƙasa zai iya farawa daga cikin garin Birnin Kudu ya nufi Dutsen Mesa, ko Dutsen Habude, ko Dutsen Murufu. A ƙarƙashin manyan duwatsun da suka yi rumfa akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere, kuma marasa tozo, saɓanin shanun da muke gani yau a hannun Fulani. A tsakiyar shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarin wurin, ya kuma bayyana wa duniya labarin duwatsun nan da ke amsa amo kamar ƙararrawa idan an buga su da ƙaramin dutse. Yanzu wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Abin takaici, akwai mutanen da aka haifa a garin, har suka aurar da 'ya'ya, ba su taɓa taka ƙafa can ba.

Zanen nan shaida ne cewa shanu sun daɗe suna kai da komo a wannan ƙasa, kuma inda shanu suka bi, nan hanya ke fitowa. Burtali shi ne uban hanyoyin karkara. An bar shi da faɗi don garke ya wuce ba tare da ya shiga gona ba, ya haɗa makiyaya da mashaya, a wasu wuraren ma a shinge shi da aguwa ko cediya. Amma ba shanu kaɗai ke cin moriyarsa ba. Mai keke, mai amalanke, mai jaki, mata masu zuwa biki ƙauyen gaba, duk ta nan suke bi. Ranar da aka toshe burtali, makiyayi ne zai fara kuka, sai dai ba shi kaɗai aka cuta ba.

Toshewar kuwa ba a rana ɗaya take faruwa ba. Bana mai gona ya ƙara kunya ɗaya, baɗi maƙwabcinsa na ɗaya ɓangaren ya ga ba a ce komai ba, shi ma ya ƙara biyu. Kafin shekara goma, hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma siririya, ko keke biyu ba sa iya giftawa. Daga nan sai shanu su taka shuka, sai faɗa, sai gaban dagaci, wani lokacin har a kai ga zubar da jini. Yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma gaskiya ne, ba mai musun haka. Amma kunya biyun da aka ci ba za ta cika rumbu ba, ɓarnar da take jawowa kuwa ta kowa ce. Tun 1965 tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar keɓe filayen kiwo, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙananan hukumomi iko a kan filayen karkara. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne alama a ƙasa da rubutu a takarda.

Nan ne ya kamata mu leƙa abin da wasu suka yi. A Ingila, wata doka ta 1949 ta wajabta wa hukumomin yankuna su zana taswirar duk wata hanyar ƙafa da jama'a ke da haƙƙin bi, ko da ta ratsa tsakiyar gonar wani ce. Mai gona yana nomansa, amma ba shi da ikon rufe hanyar. Yau Ingila da Wales suna da irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000, har Ingila ta ɗauki aikin wata doguwar hanya mai bin bakin tekunta kusan mil 2,700. Su galibi shan iska suke fita yi. Mu da hanyar ke kai mu asibiti da kasuwa mun fi su buƙatar a rubuta ta.

Keke ma ya dawo. Dattawa sun san lokacin da mallakar Raleigh ke sa a san mutum a ƙauye, har kamfanin yana da masana'anta a Kano. Babur ya zo ya ture shi, aka mayar da hawan keke alamar rashi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci suka sake samun ciniki. Ni dai ban ga abin kunya a ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma malamin makarantar da ke tuƙa keke zuwa aiki ya cika wannan ba tare da ya biya ko sisi ba.

Wanda zai fita yawo a wannan yanki ya lura da lokaci. Daga kaka zuwa tsakiyar hunturu ne tafiya ta fi daɗi: an girbe amfani, ƙasa ta tsane, rana ba ta da zafi, fadamu kuma cike da belbela da zalɓe. A bazara sai dai sammako, a dawo kafin hantsi ya ɗaga. Mai keke ya riƙe famfo da kayan faci, domin tsidau ba ya raga wa taya, kuma inda rairayi ya yi yawa gara a sauka a tura. In an shiga ƙauyen da ba a san mutum ba, a fara gaida mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum. In an haɗu da garke a burtali, a tsaya gefe har ya wuce.

Damina kuwa sai an yi hattara, musamman a ɓangaren Gwaram, inda kogin Bunga da rafukan da ke gangarowa daga ƙasar Bauchi ke cika cikin 'yan sa'o'i, ko da a nan ba a ga hadari ba. Ruwan da ya kai gwiwa da safe yana iya shanye mutum da la'asar. A watan Agustan 2021 mutum 21 suka rasu a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, lokacin da motarsu ta faɗa inda ruwa ya karya gada. In ruwa ya yi wa kwalta haka, mai keke a turba ba shi da dalilin yin gardama da shi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kowane dagaci ya san inda burtalin ƙasarsa ya faro da inda ya ƙare, kowane arɗo ma ya sani, kuma har yanzu akwai tsofaffin da za su nuna ainihin faɗinsa na dā. A zauna da su tun suna raye, a bi hanyar da ƙafa, a kafa turaku na siminti, a dasa itatuwa a gefe don inuwa da shaida. Matasan da ke riƙe da manyan wayoyi za su iya ɗaukar zanen kowace turba su ɗora a taswirar intanet. A kan kwalta kuma, duk sabon aikin titi da zai ratsa gari a bar wa mai ƙafa da mai keke gefensu, a daina tura su cikin kwata idan tirela ta taho.

Kiranmu ga shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da hakimai da dagatai na masarautar Dutse, shi ne su fara wannan aiki a ranin bana, kafin ruwan shuka ya sauka a sake cin wata kunyar.