Filadalfiya: ƴan kallo sun gaji da jiran kofi

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A birnin Filadalfiya na ƙasar Amurka, magoya bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta 76ers sun daɗe da ɗora tukunya, amma romon ya ƙi samuwa. A 1983 ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar NBA, zamanin Julius Erving da Moses Malone. A 2001 ta kai wasan ƙarshe, Lakers ta doke ta 4 da 1. Daga nan har zuwa 2025 ba ta ƙara wuce zagaye na biyu ba.

A 2013 shugabannin ƙungiyar suka ɓullo da wata dabara wadda kowane ɗan kasuwa zai gane: a ɗauki hasara yau domin ribar gobe. Dokar gasar tana ba ƙungiyoyin da suka zo baya damar fara zaɓen sabbin ƴan wasa. Saboda haka suka rabu da gwanayensu, suka yarda a riƙa cinye su. A kakar 2015-2016 wasa 10 kaɗai suka ci cikin 82. Aka ce wa jama'a su yi haƙuri.

Babbar ribar wannan ciniki ita ce Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta ƙasar Kamaru, wanda aka ɗauka a 2014. Ciwon ƙafa ya hana shi wasa shekara biyu, amma da ya miƙe sai ya gagara, har aka zaɓe shi gwarzon gasar a 2023.

Sai dai duk lokacin da aka zo wurin yanka, wuƙar takan dakushe. A 2019, a wasa na bakwai da Toronto, ƙwallon da Kawhi Leonard ya jefa a daƙiƙar ƙarshe ta bugi bakin kwando sau huɗu kafin ta faɗa. Embiid ya fita fili yana hawaye. A 2021 su ne na farko a yankin gabas, amma Atlanta ta fitar da su a gidansu, bayan Ben Simmons ya tsaya ƙarƙashin kwando ya miƙa wa wani ƙwallo maimakon ya zuba. Ƴan kallo suka raka su da ihu. A 2023 suna gaban Boston 3 da 2, suka faɗi wasa biyu a jere, aka sallami mai horarwa Doc Rivers.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: jikin Embiid yakan ba shi kunya a lokacin da aka fi buƙatarsa, abokan wasansa kuma ba su daɗewa. Jimmy Butler ya tafi, Simmons ya tafi, James Harden ya zo ya tafi. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke ci wa magoya baya rai shi ne sun biya kuɗin shiga a shekarun kunya bisa alkawarin kofi. Mai bin bashi kuwa ba ya mantuwa.